Lalurar Otizim a Mahangar Shari'a: Haƙƙi da Taklifi da Nauyin da ke Kan Malamai a Shinaka da Kewayenta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin lalurar otizim, wadda Larabawa ke kira tawahhud, tare da duba matsayin mai ita a fiƙihu. Ta ɗauki Shinaka da garuruwan da ke kusa da ita a gabashin Jihar Sakkwato a matsayin fagen misali, saboda a irin waɗannan wurare malamin addini ne ake fara tuntuɓa kafin likita. Maƙalar ta nuna cewa haƙƙoƙin mai otizim cikakku ne a kowane hali, amma taklifi yana bin gwargwadon fahimtar kowane mutum shi kaɗai, don haka sunan lalurar bai isa a gina fatawa a kansa ba. Daga ƙarshe ta kawo hanyoyin tallafi a gida da makaranta da masallaci.

1.0 Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukaki, wanda Ya halicci ɗan Adam kuma Ya karrama shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

A garin Shinaka da ke Ƙaramar Hukumar Goronyo, da maƙwabtansa a ƙasar Wurno da Rabah, idan yaro ya kai shekara uku bai buɗe baki ba, ko ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, galibi wurin malamin unguwa ake fara kai shi. Abin da malamin ya faɗa a wannan zama na farko yakan shata wa iyali hanyar da za su bi shekaru masu yawa. Idan ya yanke cewa iska ce, to kuɗin albasa da shinkafar gidan za su ƙare a neman tsari daga wannan gari zuwa wancan, a daidai shekarun da yaron ya fi buƙatar a koya masa magana da mu'amala. Idan kuwa ya yi masa addu'a sannan ya ce a kai shi a duba jinsa da girmansa, ya buɗe wa iyalin wata ƙofa.

Neman sanin lafiyar jiki ba baƙon abu ba ne ga malaman wannan ƙasa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa ribaɗin Wurno kuma aka rufe shi a can a shekarar 1837, ya yi tasnifi a fannin likitanci, daga ciki akwai Ujalatur Rakib fiɗ Ɗibbis Sa'ib. Baffansa Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo kuma ya rubuta Masalihul Insan, inda ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafi ɗaya. Malaman usulu sun tabbatar cewa hukunta abu yana biyo bayan fahimtar haƙiƙaninsa, saboda haka za a fara da bayanin lalurar kanta.

2.0 Ma'anar Otizim da Matsalar Suna

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, wanda ke bayyana tun ƙuruciya kuma mutum yake rayuwa da shi har tsufa. Yana shafar ɓangarori biyu. Na farko shi ne sadarwa da cuɗanya da mutane. Na biyu shi ne maimaita wasu ɗabi'u, da tsananin riƙo da tsari ɗaya, da jin sauti ko haske ko taɓi fiye da kima ko ƙasa da kima.

Likita Grunya Sukhareva ta siffanta irin waɗannan yara a Mosko a 1925. A 1943 Leo Kanner ya wallafa bayanin yara 11 da ya gani a Baltimo ta Amurka, a 1944 kuma Hans Asperger ya yi makamancin haka a Biyana. A 1978 Victor Lotter ya wallafa sakamakon bincikensa a wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, inda ya tarar da yara masu wannan lalura, abin da ya rushe zaton cewa ciwon Turawa ne. Tun daga 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke dogara da shi ya tattara nau'o'inta ƙarƙashin suna ɗaya mai matakai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro ɗaya cikin 100 yana da ita, kuma an fi gano ta ga maza fiye da mata. A Disamba 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa shawarar ƙasar Ƙatar, ta ware 2 ga Afrilu ta zama ranar wayar da kai game da ita.

A Hausa kafofin yaɗa labarai sukan kira ta galahanga, sai dai ana amfani da wannan kalma ga wasu lalurori daban, kamar shanyewar gaɓoɓi da ke faruwa saboda rauni a ƙwaƙwalwa lokacin haihuwa. A bakin jama'a kuwa ana jin dolo da gaula da mai taɓin hankali, wani lokaci har a ce ɗan ruwa ne, wato wai aljanu sun musanya shi. Kowane ɗaya daga waɗannan sunaye yana ɗauke da hukunci a cikinsa. Wanda aka kira mahaukaci an fitar da shi daga sahun masu karatu, wanda aka kira ɗan ruwa kuwa an fitar da shi daga sahun 'yan Adam baki ɗaya, kuma wannan ƙarya ce da ba ta da asali a Shari'a. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana izgili da jifa da munanan laƙabobi, kuma hanin bai keɓe wanda ba zai iya kare kansa ba.

3.0 Alamomi da Sababi

Daga alamomin da ake lura da su kafin shekara biyu akwai rashin amsa suna, da rashin nuna abu da yatsa don wani ya gani, da rashin kwaikwayon manya a wasa, kamar yarinya ta goya ɗiyar kara ko yaro ya yi garken shanu da laka. Bayan haka akan ga maimaita maganar da aka yi masa maimakon amsa ta, da kaɗa hannu ko jujjuyawa, da jera abubuwa a layi, da ƙin abinci sai iri ɗaya, da toshe kunne idan injin niƙa ko lasifika ya tashi. Ƙwararre yana iya gane lalurar tun yaro yana da kimanin shekara biyu.

Akwai abubuwa uku da ke rikita fahimtar waɗannan alamomi a ƙasar Hausa. Na farko, kau da ido daga babba ladabi ne a al'ada, don haka yaron da ba ya haɗa ido da kowa akan yaba masa da kunya. Abin lura shi ne ko yana duban mahaifiyarsa da tsaransa lokacin wasa da murna. Na biyu, wasu yaran sukan fara furta kalmomi sannan su daina tsakanin wata 18 zuwa 24, wanda shi ne lokacin yaye, lokacin da akan kai yaro gidan kaka. Sai a ɗora laifin a kan yaye ko maita ko kambun baka, alhali haɗuwar lokaci ce kawai. Na uku, sanƙarau da ƙyanda suna kurmantar da yara a wannan yanki, kuma kurma ma ba ya amsa kira, don haka gwajin ji shi ne matakin farko.

Game da sababi, bincike ya tabbatar cewa gado yana da babban tasiri. Nazarin tagwaye da Susan Folstein da Michael Rutter suka wallafa a 1977 ya nuna cewa tagwaye masu kama ɗaya sun fi tarayya a lalurar. Wasu abubuwan da ke ƙara yiwuwarta sun haɗa da yawan shekarun iyaye, da haihuwar bakwaini, da shan wani maganin farfaɗiya mai suna balfurowet a lokacin ciki, wanda bai kamata mace ta daina shi da kanta ba sai da shawarar likita. Tsohon ra'ayin da ke ɗora laifi a kan sanyin zuciyar uwa an daɗe da watsar da shi. Haka nan zargin allurar rigakafi ya samo asali ne daga wata maƙala da Andrew Wakefield ya fitar a mujallar Lancet a 1998, wadda mujallar ta janye a 2010, aka kuma soke lasisinsa a Birtaniya a wannan shekara. Wani bincike a Denmak da aka wallafa a 2019 ya bi yara fiye da 650,000 bai sami wata alaƙa ba. Malamin da ya yaɗa wannan zargi ya jefa yaran gari cikin haɗarin ƙyanda ba tare da ya kare ko ɗaya daga otizim ba.

4.0 Matsayin Mai Otizim a Fiƙihu

Malaman usulu, musamman Hanafawa, sun kasa cancanta gida biyu: ahliyyatul wujub, wato cancantar mutum ya mallaki haƙƙi, da ahliyyatul ada'i, wato cancantar a yi la'akari da maganarsa da aikinsa. Imam Ƙarafi na Malikiyya ma ya bambanta zimma da cancantar mu'amala a littafinsa Al-Furuƙ. Wannan rabe-rabe shi ne mabuɗin mas'alar.

4.1 Haƙƙoƙin da ba sa raguwa

Cancanta ta farko tana tabbata da kasancewar mutum ɗan Adam, kamar yadda aya ta 70 ta Suratul Isra'i ta nuna karamcinsa ba tare da sharaɗin kaifin basira ba. Saboda haka nasabarsa da gadonsa da alfarmar jininsa da mutuncinsa daidai suke da na kowa. Ibnu Abi Zaid ya bayyana a Risala cewa ciyar da ɗa namiji tana sauka daga kan uba idan ya balaga, da sharaɗin ba shi da naƙasar da ta hana shi nema. Ke nan wanda ya balaga da lalura mai tsanani ciyarwarsa tana nan a wuyan mahaifinsa.

Inda aka fi samun zalunci shi ne gado. A ƙasar da gonar fadama ita ce dukiya, yakan faru uba ya rasu, 'yan'uwa su haɗe rabon mai lalura da nasu da hujjar cewa su ke ci da shi. Aya ta 5 ta Suratun Nisa'i ta hana miƙa dukiya ga wanda ba zai iya tattalinta ba, amma ta yi umarni a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, a kuma gaya masa magana mai kyau. Hajru kariya ce ga dukiyar mai ita, kuma mallakarsa tana nan. Wajibi ne a ware rabonsa, a rubuta, a kafa shaidu, wasiyyi ya riƙe, idan babu shi alƙali ya naɗa muƙaddami wanda za a riƙa bin diddiginsa.

4.2 Taklifi gwargwadon fahimta

Cancanta ta biyu tana rataye da hankali da balaga. Hadisin ɗauke alƙalami daga mutum uku, wanda Abu Dawud da wasunsa suka ruwaito, ya rataya hukuncin ne ga gushewar hankali. Otizim kuwa a kan kansa ba gushewar hankali ba ne. Masu shi sun bambanta ƙwarai, kuma ana iya kasa baligansu gida uku.

Kashi na farko su ne masu cikakkiyar fahimta, waɗanda matsalarsu ta tsaya ga cuɗanya da jure hayaniya. Waɗannan mukallafai ne. Ibadarsu da cinikinsu da aurensu duk sun inganta, kuma hana su aure ko riƙon dukiyarsu saboda sunan lalurar zalunci ne. Idan wani abu ya yi musu tsanani na haƙiƙa, kamar cunkoso, sai a duba musu rangwame kamar kowane mai uzuri. Idan kuma saurin yarda da mutane yana sa a cuce su a kasuwa, akwai asali a hadisin Ibnu Umar da ke cikin Buhari da Muslim game da mutumin da ake yaudara a ciniki: Manzon Allah (SAW) ya koya masa sharaɗin da zai kare kansa, bai hana shi ciniki ba.

Kashi na biyu su ne waɗanda lalurar ta haɗu musu da raunin fahimta, suna gane wasu abubuwa suna kasa gane wasu. Sun fi kusa da abin da malamai suka kira ma'atuh, wanda da yawansu suka ba shi hukuncin yaro mai wayo. Ibadarsa ta inganta kuma ana kwaɗaitar da shi a kanta ba tare da tilastawa ba, cinikinsa kuma yana jiran amincewar waliyyi.

Kashi na uku su ne waɗanda ba su da tamyizi. Alƙalami ya sauka daga kansu, sai dai ana fitar da zakka daga dukiyarsu a mazhabar Malik da Shafi'i da Ahmad, ana kuma biyan abin da suka ɓarnatar daga cikinta.

Abin da ya kamata mai fatawa ya kiyaye shi ne rashin magana ba hujja ba ce ta rashin hankali. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta ambaci wanda ba zai iya shifta ba daban da safihi da mai rauni. Malikiyya sun karɓi isharar bebe da ake fahimta a ƙulla yarjejeniya da shaida, sun kuma ce wanda ya kasa furta kabbarar harama niyya ta isar masa. Akwai masu otizim da ba sa magana amma suna fahimta, suna bayyana nufinsu da rubutu ko hoto ko ishara. Aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta yi umarni da jarraba marayu kafin a miƙa musu dukiya, kuma wannan ita ce hanya a nan: a zauna da mutumin, a ji daga masu renonsa, a nemi rahoton likita, a kuma sake dubawa bayan lokaci domin fahimta tana ƙaruwa da koyarwa.

5.0 Ruƙiyya da Magani

Addu'a da ruƙiyya da Alƙur'ani da zikirai tabbatattu halal ne ga kowane Musulmi, kuma suna sanyaya zuciyar iyaye. Sai dai yanke cewa wani yaro aljani ne ya shafe shi da'awa ce mai buƙatar hujja, kuma kaɗa hannu ko toshe kunne lokacin karatu da ƙarfi ba hujja ba ce, domin ƙarar ce take cutar da shi. Ko Ibnul Ƙayyim, da ya yi magana kan farfaɗiya a Zadul Ma'ad, ya tabbatar da nau'in da sababinsa na jiki ne wanda likitoci ke magana a kai.

Duka da hayaƙin barkono da ɗaurin mari da hana abinci haramun ne, ko da wane suna aka kira su. Abin da aka gano a 2019 a wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina ya isa wa'azi. Hadisin da Abu Dawud da Nasa'i da Ibnu Majah suka ruwaito ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani ba tare da an san shi da sanin magani ba. Har yau babu ƙwaya ko sassaƙe da ke kawar da otizim, don haka mai sayar da waraka da kuɗi yana cin dukiyar mutane da ƙarya. Abin da likita ke yi wa magani shi ne lalurorin da kan zo tare da shi, kamar farfaɗiya da rashin barci da tsananin damuwa. Daga wannan yanki ana iya neman a tura yaro Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware.

6.0 Hanyoyin Tallafi

Muslim ya ruwaito daga Anas labarin wata mata mai rauni a hankalinta da ta ce tana da buƙata wurin Manzon Allah (SAW). Ya kira ta da alkunya, ya bar ta ta zaɓi hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama. Ya saurare ta a wurin da ta zaɓa da kuma lokacin da ta buƙata, kuma a kan wannan ake gina duk wani tallafi.

A gida, abin da ya fi amfani shi ne tsayayyen tsari na yini, kuma salloli biyar sun riga sun samar da shi. A riƙa yi wa yaro magana gajera, umarni ɗaya a lokaci ɗaya, a ba shi lokacin amsawa, a nuna masa abin da ake nufi da hannu. Idan ya ɓarke da kuka da birgima, galibi nauyin ƙara ko sauyin tsari ne ya fi ƙarfinsa, sai a kai shi wuri mai shiru. Iyalan da hare-haren 'yan bindiga suka raba da gidajensu a gabashin Sakkwato suna buƙatar sanin wannan, domin ƙaura ta fi tsanani ga irin wannan yaro. Sannan da yawansu sukan sulale daga gida kuma ruwa yana jan hankalinsu, kuma nutsewa tana cikin manyan sababban mutuwarsu idan sun ɓace. A ƙasar da ke bakin Gulbin Rima da madatsar ruwa ta Goronyo da hanyoyin ban ruwa, rufe rijiya da sanar da maƙwabta wajibi ne na kiyaye rai. Kulawar kuma ba ta uwa kaɗai ba ce. Uban da ya saki mace ko ya ƙaurace mata saboda ta haifi mai lalura ya hukunta ta kan ƙaddarar da ba ta da hannu a ciki.

A makarantar allo da Islamiyya, a zaunar da shi a gefe nesa da tsakiyar hayaniya, a gajarta masa rubutu, a bar shi ya motsa. Wasu daga cikinsu suna da ƙarfin hadda, amma hadda ba ita ce fahimta ba, kuma ba kowa ke da ita ba, don haka kada a auna darajar yaro da ita. Ibnu Sahnun ya taƙaita duka ƙwarai a Adabul Mu'allimin, Ibnu Khaldun kuma ya keɓe fasali a Muƙaddima kan cutar da tsanani ke yi wa ɗalibai. Idan haka ne ga yaron da ya fahimci laifinsa, to dukan wanda bai gane abin da ake nema gare shi ba zalunci ne tsantsa.

A masallaci, liman ya tuna cewa Manzon Allah (SAW) yakan gajarta salla idan ya ji kukan yaro don tausaya wa uwarsa. A ba mai lalura da mahaifinsa gefen sahu kusa da ƙofa, a tsawata wa yaran da ke bin sa da tsokana. Wajen isar da wannan ilimi ga mata a cikin gidaje kuwa, tsarin 'Yan Taru da Nana Asma'u ta kafa, inda jajoji ke kai karatu ƙauyuka, abin koyi ne ga makarantun matan aure.

A matakin hukuma, dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa da aka sanya wa hannu a Janairu 2019 ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi da kiwon lafiya, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairu 2023 kuma ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Ya dace Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato da mawadata su riƙa ɗauke wa matalautan iyalai kuɗin mota da na gwaji, domin sau da yawa wannan ne ke tsakanin yaro da likita.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bayyana cewa otizim bambanci ne a girman ƙwaƙwalwa mai matakai daban-daban, kuma Shari'a ta riga ta tanadi ma'aunin da ya dace da shi: haƙƙi cikakke ga kowa, taklifi kuma gwargwadon abin da aka tabbatar na fahimtar mutum. Ana ba da shawara ga sassan nazarin addinin Musulunci su sanya wannan mas'ala a darasin abubuwan da ke bijiro wa cancanta, alƙalai su riƙa neman rahoton likita kafin hukuncin hajru, limaman Shinaka da Goronyo da Wurno da Rabah kuma su keɓe mata huɗuba. Malamin da aka kawo wa yaro ya yi masa addu'a, ya hana a dake shi, ya tambayi ko an gwada jinsa, sannan ya nuna wa iyayensa hanyar asibiti. Allah ne Mafi sani.